Motar Alhaji Mai Canza Giya da Kanta

Mijin yayata hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa kafin kuɗin man fetur su shigo gari. Na san shi da tiya a hannu da ƙaiƙayi a gashin ido. Da aka fara rabon kwangila kamar goron suna, sai ya samu ta gina azuzuwa a makarantun ƙauye, shi da bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Kafin a ankara ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya rushe zauren gidansu na Ƙofar Marusa ya yi na siminti, ya daina juyowa in ba Alhaji aka ce da shi ba. Ni lokacin ina koyarwa a firamare, keke nake hawa, don haka in zai ce mani Malam sai ya ja kalmar kamar mai yi mani jaje.

Motar daga Ikko aka kawo masa ita, doguwa ce 'yar Amurka, ruwan madara, in ta shigo lungunmu sai masu tafiya sun manne da bango. Abin da ya fi ɗaukar masa rai a jikinta shi ne ba ta da kuloci. Ka ja ɗan ƙarfen da ke jikin sitiyari, ka taka totur, ita ce za ta riƙa canza giya da kanta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sa shi ya leƙa ƙasan sitiyari ya gani da idonsa.

"Wagga mota ta fi direba hankali," in ji shi. Ya kuwa sallami direbansa a makon, wai ba zai ciyar da mutum don ya zauna yana kallon mota tana aiki ba.

Shi ya koma tuƙi. Ƙafar dama a kan totur, ta hagu a kan birki, duka a lokaci guda. Mota na tafiya gaba zai finciko ta zuwa ribas, ta yi wani ƙugi, shi ko ya yi dariya ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa. But ɗinta, wurin kaya na baya, kullum cike da buhunan siminti. Ranar da ya gama da ita ina wurin, don ya ɗauke ni in duba masa ko allon da aka shafa a wani aji ya yi. An yi ruwa, tifar da ta kawo yashi ta kafe a taɓo, leburori na ta turi. Alhaji ya ce a ɗaure ta da sarƙa a bayan motarsa, mutanen ƙauye su ga abin da ake kira inji. Ya yi ta taka totur, mota na kuka, tifa ko motsi, har wani wari kamar na ƙonannen ƙosai ya cika wurin. Daga baya shanu aka kawo suka fitar da tifar.

Tun daga nan motar Alhaji ta fara ciwo. Da safe in ya sa giya sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can sai ta zabura ta buga masa ƙeya da kujera. A kan titi inji ya yi ta ihu, tafiya kuwa ba ta wuce ta jaki. Wani lokaci ta kama giya ta gaba, ta sake ta, ta sake kamawa.

A ƙofar gidansa akwai masu zaman tabarma, waɗanda ba su da aiki sai jiran a fito da tuwo. Su suka fara duba motar. Ɗaya ya ce man fetur ɗin Katsina ne bai dace da cikinta ba. Wani ya ce direban da aka kora ne ya yi mata asiri, aka ko nemo laya aka rataya a madubi. Da na ce ko jan tifar nan ne, sai duk suka dube ni kamar na yi tusa a masallaci.

"Malam, kai da keke ka sani," in ji Alhaji. "Bar manya su yi magana."

Bakaniken unguwa bai taɓa ganin cikin irin wannan akwatin giya ba, wato giyabos, amma ya gwammace ya mutu da ya faɗa. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya ce a gwada. Da ba ta sake zani ba, ya zaro sandar awon man giya, ya ga man da aka ce ja ne ya koma kamar kunun kanwa da ya kama tukunya. Ya tsiyaye shi ya ɗura baƙin man inji, ya ce mai duk mai ne, Turawa ne kawai ke sa masa kala don su ƙara kuɗi. Abin da ya sa Alhaji ya bar shi ba ɓarnar da ya yi ba ce. Kuɗin da ya nema ne suka yi kaɗan. Alhaji ya ce duk wanda zai taɓa mota kamar wannan ya nemi kuɗin goro, to bai san abin da ya taɓa ba.

Bakanike na biyu ya kwance giyabos ɗin a kan buhu a tsakar gareji. Wasu 'yan ƙananan ƙwallaye da sifirin suka yi tsalle suka shige yashi. Ya tsinci waɗanda ya gani, ya mayar, ya kawo wa Alhaji ragowar a gwangwanin madara, ya ce waɗannan su ne suka yi mata yawa. Bayan wannan aikin sai da ta yi kwanaki ba ta tafiya sai da baya.

Sannan aka kawo babban. Daga Kaduna ya zo, da farar riga irin ta likita da tabarau, yana cewa a ƙasar Jamus ya koyo. Ya ƙi taɓa motar a ranar farko, zagaya ta kawai ya yi yana girgiza kai. Kashegari ya sa aka tada inji, ya kafa bakin sukundireba a jikin giyabos, ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Masu zaman tabarma suka zuba masa ido. Ya ɗago ya faɗi wata kalmar Turanci mai tsawo wadda ni da nake koyar da Turancin ban taɓa jin ta ba, ya ce sai an kai kayan Ikko an ɗora a kan na'ura. Ya yanka kuɗin da za su sayi sabuwar ƙaramar mota har da canji.

Na dubi Alhaji ina jiran ya fusata. Fuskarsa haske ta yi. Da yamma duk wanda ya zo sai ya ji labarin, kuma kowane faɗi kuɗin ƙaruwa suke.

"Gyara kawai fa, ba saye ba!" yake cewa, masu tabarma na amsawa da Allah ya ƙara arziki.

Giyabos ya dawo bayan makonni da sabon fenti shuɗi. Aka ɗaura. Ta yi tafiya lafiya zuwa masallacin Juma'a, ta dawo.

A cikin satin ne Innarmu ta zame a bakin rijiya ta faɗi a kan ƙugunta. Da hantsi ne, na dawo daga makaranta da gudu na tarar da ita kwance a tabarma, gumi na keto mata, ba ta iya ɗaga ƙafa. Maƙwabcinmu na da a-kori-kura da yake dakon albasa, har ya shimfiɗa katifa a baya. Sai ga Alhaji.

"Surukata a bayan a-kori-kura kamar buhun albasa? Ina raye? A sa ta a mota."

Na ce masa a katifa za ta fi samun miƙewa. Ko kallona bai yi ba. Inna kuwa kunyar suruki ba za ta bar ta ta ce uffan ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka lanƙwasa ta muka shigar da ita kujerar baya, tana cije leɓe, ni na zauna na riƙe mata kai.

Mun zo daidai bakin kasuwa, inda jama'a suka fi yawa, motar ta saki giya. Inji na ihu, ba ma motsi. Ya ja ƙarfen sama, ya ja ƙasa, ya taka har ƙasa, warin nan ya taso. Mutane suka fara juyowa, kuma yawancinsu sun san shi tun yana awon gero.

Sai ya kashe inji, ya ɗaga gilasai, ya gyara hula.

"Ku zauna yadda kuke," ya ce. "Kar wanda ya fito. In ta huce za ta tashi."

Ya fita yana murmushi kamar dama nan ya nufa. Ya tsaya wurin wani mai lemo ya fara ciniki. Ya gaisa da tsofaffin abokan rumfarsa, gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa, yana jingine da bonet yana kaɗa makulli. Mu kuwa muna ciki, rana ta daki rufin, ba iska. Numfashin Inna ya fara fita guntu-guntu. Ta kama hannuna ta matse.

"Fitar da ni," ta ce, can ƙasa-ƙasa don kar ya ji.

Na buɗe ƙofa na tsayar da wata motar itace da ta sauke kaya. Direban da wasu 'yan dako biyu suka taimaka muka ɗauki Inna muka sa a ciki. Alhaji ya matso yana magana ta cikin haƙora, murmushin na nan a fuskarsa saboda masu kallo.

"Malam, me kake yi haka? Mutane na gani."

Na ce su gani. Muka tafi muka bar shi da lemo a hannu.

Ƙashin ƙugu ne ya tsage, ta daɗe a asibiti. Da Alhaji ya zo dubiya da la'asar ɗin ranar, ya ajiye ledar lemon a gefen gado, ya gaishe ta a gurguje, ya ja ni waje. Na ɗauka zai tambayi abin da likita ya ce. Ashe ƙorafi ya kawo, wai na tozarta shi a gaban 'yan kasuwa, da na yi haƙuri kaɗan da ba wanda zai gane motar ce ta tsaya. Yayata na tsaye a bayansa tana yi mani alama da ido in yi shiru. Saboda ita na yi shirun.

Mai farar riga ya sake dawowa daga Kaduna. Ya saurara da sukundirebansa, ya ce aikinsa na nan lafiya lau, wannan wani sashe ne daban ya lalace, kuma shi ya fi na farko tsada. Alhaji ya biya ba ko ciniki. Giyabos ya sake tafiya Ikko, wannan karon bai dawo ba, mutumin ma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Motar ta zauna a ƙofar gida a kan duwatsu, ana wanke ta kowace safiya, duk wanda ya tambaya a ce ana jiran kaya daga waje.

Inna ta warke amma da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Ranar da aka sallame ta, Alhaji ya aiko da wata sabuwar motar da ya saya, da sabon direba, a ɗauko ta. Ta ce a gaishe shi, a yi masa godiya, ta riga ta yi wa maƙwabcinmu mai albasa alkawari. A katifarsa muka kawo ta gida.