Ƙofar Garejin da Ba a Sa wa Mai

Daga inda take suyar ƙosai a Porto-Novo, Afiavi tana kallon wani baƙon tsoho siriri, mai yatsu uku a hannun dama. Yana gyaran ƙofar garejin gidan da aka rufe tun rasuwar mai shi. Kafin ya taɓa katakon sai ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Wataƙila shi ya kafa ta yana saurayi. Tsofaffin ƙusoshin yake miƙarwa yana mayarwa. Ƙarafan ƙofar kuwa ya kankare musu tsatsa, ya bar su suna kuka.

"Baba, rowar mai kake yi? Ga nawa, ɗiga musu mana!"

Ko juyowa bai yi ba.

"Bar su, 'yata. Gara ku riƙa ji in mai gidan zai fita."