Ƙugun Mozammel

Tun kafin kamfanonin waje su san da zamansa, mu a layinmu na Narayanganj mun san Mozammel, don ba irin mutumin da ido ke tsallakewa ba ne. In ya tsaya bakin titi yana jiran riksha, sai ka ga masu tuƙa keken duk sun tuna da wani uzuri a wata unguwa. Masu kwalekwalen da ke tsallakar da mu kogin Shitalakshya kuwa a tsakiya suke zaunar da shi, su roƙe shi kada ya yi atishawa sai an kai gaɓa. Shi dai dariya yake yi. Amma ni da muka taso gida na kallon gida, na san abin yana ci masa rai.

Ni tela ne a ɗakin samfur na wata masana'antar wanduna. Mu muke ɗinka wando guda na gwaji, in masu saye a Turai sun ce ya yi, sannan a saki dubbai. Mozammel kuwa ɗan dako ne a ƙasa, yana sauke bandir ɗin yadi daga manyan motoci.

Wata rana wakiliyar kamfanin da ke ba mu aiki ta zo, wata doguwar Baturiya da kowa ke kira Madam. Ta ce ita ta gaji da ganin wando kwance a kan tebur, a sa wa mutum ta gani. Aka fara da ni. Saura kaɗan in shige gaba ɗayana cikin ƙafa guda. Aka sa wa manajanmu, Anisur Sahib, yana sakin hannu wandon ya sauka ƙasa ya bar shi tsaye. Madam ta juya wajen taga don ta ɓoye dariya, sai ta hango Mozammel a tsakar gida, ya ɗauko bandir a kafaɗa yana cin ayaba da ɗaya hannun. Ta nuna shi da biro.

Ya hawo yana haki, a zatonsa korarsa za a yi saboda ayabar. Aka miƙa masa wandon. Wallahi ka ce a jikinsa na yanka shi. Madam ta zagaya shi, ta sake zagayawa, ta ce wannan shi ne ainihin jikin mutanen da ke sayen kayansu.

Daga ranar ya bar dako. Aikinsa ya zama ya sa wando, ya zauna, ya tashi, ya tsuguna, ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, sannan ya faɗi inda ya matse shi. "Lutfor, nan yana cizo," ya ce mini, ni kuma in soka allura in rubuta, a aika Turai. Ɗaki mai na'urar sanyi, kujera tasa, albashi ya fi na da nesa ba kusa ba. Mutumin da yara ke bi suna tsokana sai ga shi ya zama Mozammel Sahib, laƙabin da muke ba manya. Da yamma a teburin mai shayi yakan shafa tumbinsa ya ce, "Duk ƙaton Baturen da ya zauna a ofis wandonsa bai yage ba, ni na fara zama masa. Ko godiya babu."

Sharaɗin ɗaya ne: ƙugun nan kada ya ƙaru, kada ya ragu. Matarsa Jobeda, 'yar ƙaramar mace mai bakin da ya fi almakashina kaifi, ita ta zama mai gadin ƙugu. Ta samo igiya ta yi mata ƙulli ta rataye a bayan ƙofa, kullum safe sai ta zagaya shi da ita kafin ta san yawan shinkafar da za ta ɗora. Da azumi ta tsare shi da sahur kamar mai ɗura wa jariri. Da babbar salla ta ɓoye nama a ɗakin maƙwabta. Lokacin mangwaro, da suka je ƙauyensu, uwarta ta jera wa surukinta kifin ilish da kaza da alawar madara, ya ci rabi ya janye hannu. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka, ta ce me ta yi wa mijin 'yarta da zai tozarta ta a gaban dangi. Ya koma ya cinye. Sati guda Jobeda tana kora shi ya hau benen masana'anta da ƙafa.

Ba ita kaɗai ba. Rabin layinmu a masana'antar muke ci, kuma kullum muna jin labarin wani kamfani ya kwashe aikinsa ya kai Biyatnam ko Habasha saboda an rage masa kuɗin maɓalli. Sai muka sa a ranmu cewa muddin ƙugun Mozammel yana nan yadda yake, Madam ba za ta tafi ba. Mai shayi ya riƙa hana shi kofi na uku. Ranar da ya yi zazzaɓi, mata suka yi ta aiko kwanuka har ɗakin ya rasa wurin taka ƙafa. Ban taɓa ganin cikin mutum ɗaya da ya tara masu kula haka ba.

Shekaru suka tafi a haka, har 'yarsu Rumana ta shiga makarantar koyon jinya da kuɗin tsugunnon babanta. Sai bara ya fara shan ruwa kamar rijiya ta ƙafe masa a ciki, kuma wani ɗan ciwo ya fito masa a yatsar ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rage shinkafa, ya yi tafiya, ya sauke tumbin nan, in ba haka ba ƙafar ce za ta biya. Mozammel ya sha magani kwana biyu, ya ga igiyar Jobeda ta fara sakwarkwacewa, sai ya watsar ya koma kan kwanonsa. Duk damina ya yi yana ɗingishi a cikin ruwan layinmu. Kafin ruwa ya janye, an yanke yatsar.

Na je duba shi na tarar Jobeda tana kansa.

"Baban Rumana, ni fa ban gane ba. Wandon Turawa kake wa tanadi, ka ba da ƙafar da za ka zura a ciki?"

"Maman Rumana, in tumbin ya tafi, da me za mu ci?"

"Da baki, kamar kowa!"

"Ki bar wasa. In koma dako da wannan ƙafar? Yarinya ta dawo gida?"

Can ta dube ni ta ce, "Lutfor bhai, ai ta saman riga kake auna shi ko?" Na ce e, bhabi; haka muke kiran matar ɗan'uwa, shi kuma ɗan'uwan bhai. Ta ce, "To ka ci gaba da aunawa ta saman riga, ka kuma rage surutu."

Ta buɗe akwati ta fito da tsofaffin zannuwanta na sari, ta jera su ɗaya kan ɗaya, ta bi su da ƙananan ɗinki irin na bargon da iyayenmu mata ke yi wa jarirai. Sai dai wannan ta yi shi da tudu a gaba da igiya a baya, don ya ɗaura a ciki ƙarƙashin riga. Mozammel ya koma cin ganye da gurasa guda, yana zagaya filin makaranta bayan asuba. Duk abin da ya ragu a jikinsa, Jobeda ta ƙara sari guda. Ya shigo ɗakin samfur da tumbinsa cif-cif, fuska ce kawai ta rame, muka ce wa manaja tunanin auren Rumana ne. Matsala guda, tsumma ba ya jin cizo. In na tambaye shi ina ya matse, sai ya lumshe ido ya tuna yadda jikinsa na da zai ji, ya faɗa.

Da sanyi ya shigo Madam ta zo. Ta gaishe shi da fara'a, aka ba shi sabon wando. Ya zauna lafiya, ya tashi lafiya. Ta ce ya tsuguna. Yana kaiwa ƙasa muka ji "ɗas", igiya ta tsinke. Da ya miƙe, tumbin ya zame ya koma gefe, ya tsaya a kan ƙashin ƙugunsa kamar jakar kwandasta, ga bakin jan sarin Jobeda yana leƙowa ta ƙarƙashin riga.

Mozammel ya sa hannu ya zaro abin ya ajiye a kan tebur, wandon ya riƙe da ɗaya hannun. Madam ta ɗauka tana juyawa, tana shafa ɗinkin, ta tambayi Anisur Sahib wa ya yi wannan, kuma ko za a iya samun irinsa da yawa a yi matasan kujera. Da aka yi mata bayanin ciwon, ta dafa ƙirji, ta ce ya kwantar da hankalinsa, babu abin da ya ɓaci. Ai tuni kamfani ya koma gwada wando a jikin wani mutum da aka zana a kwamfuta, bayanan da muke aikawa ba mai buɗe su. Ta ɗauka an gaya mana. Yau ma don sabo ta ce ya tsuguna. Anisur Sahib yana fassarawa yana goge tabarau.

Mozammel ya ce, "Sahib, tambaye ta, tun yaushe?"

Ta ɗan yi tunani, ta ce tun kafin damina.

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarsa. Kafin damina yatsar tana nan. Ni dai raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san a kan wa zan sauke shi ba, don matar nan ba mugunta ta yi ba, mantawa kawai aka yi da shi. Na tattara alluraina na fita.

Ƙarshen wata aka sallame shi. Aikin wandunan bai bar masana'antarmu ba, ashe ba ƙugunsa ke riƙe da shi ba, arhar hannunmu ce. Yanzu shi ne mai gadin makarantar da yake zagaya filinta, kuma masu riksha har rige-rigen ɗaukarsa suke. Jobeda ta karɓi aikin ɗinkin irin bargon nan daga wani shago a Dhaka, Rumana ta ƙarasa karatu.

Ana saura 'yan makonni bikinta Mozammel ya shigo mini gida da yadi a leda. Ya ce, "Lutfor, ɗauko tef ɗinka. Wando nake so." Na tambaye shi na wa. Ya ce, "Nawa mana. Uban amarya zai fita ɗaure da zanen lungi?" Sai a lokacin na lura, duk wandunan da suka bi ta jikin mutumin nan, ko guda bai taɓa zuwa gida da shi ba.

Na auna, na harhaɗa, ya dawo gwaji. Ya zauna, ya tashi, ya tsuguna ba tare da na ce ba. Na ce, "To, yaya kake son sa?"

Ya ce, "Su dai sun fi son ya kama nan..."

"Ba su na tambaya ba, bhai. Kai fa?"

Ya daɗe tsaye da hannu a ƙugu yana kallon bango, kamar na yi masa tambayar jarrabawa. Can ya ce a hankali, "Ka bar mini ɗan wuri a ƙugun. Ranar bikin, in na ga dama in ci shinkafar biriyani, in ban ga dama ba in bari."

Na zare allurar na bar masa wurin.