Kunyar 'Yar Fari a Gidanmu na Fagge

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu a wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Kunya ake kiran abin, kuma yabon mace ake yi a kansa. Mahaifiyata ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. In za ta yi mini magana, "ke" ce, ko "yarinyar nan". In tana son in yi shara sai ta dubi bango ta ce, "Wai ba mai share wa mutane tsakar gida ne?" Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Yaya nake kiranta, yadda na ji ƙannen babana suna yi.

A Fagge muke, a gidan kakanni, babana tela ne mai shago a bakin titi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar babana. Ita ke yi mini kitso, ita ke duba mini goshi in zazzaɓi ya kama ni. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba, kada wani ya ce na yi wa gidanmu ƙarya. Amma ina zaune zan ga ƙannena suna hawa cinyar Yaya, tana kiran sunayensu har da na tsokana, ni kuwa ko idona ba ta yarda ta kalla. Abu ɗaya nake so a duniya, in ji sunana a bakinta.

Da ban taɓa leƙa Sabon Gari ba, wataƙila da na ɗauka haka Allah ya halicci iyaye mata. To, can ake aike na kai niƙa, wurin wata mata Ibo mai inji, wadda ta dawo Kano bayan yaƙin basasa ta sake kafa sana'arta. Mama muke ce mata. 'Yarta ajinmu ɗaya a firamare, ita ma 'yar fari ce. Amma ita Mama da sunan 'yar nan ma ake kiranta, maman wance, kuma in an kira har wani faɗi take yi. Za ta ƙwala wa yarinyar kira tun daga ƙarshen layi, ta zage ta, ta jawo ta jikinta ta goge mata fuska da gefen zani, duk a gaban jama'a. Nakan tsaya da ƙwaryar gari a ka ina kallonsu kamar mai kallon abinci a kwanon wani.

Wata rana na gaya wa Mama uwata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ta kashe inji ta ce in maimaita. Da na maimaita sai ta ce, "Ƙarya kike, yarinya." Daga ranar ta riƙa kiran sunana har ya yi yawa, takan ɓare mini burodi ta ce in zauna in ci kafin layi ya zo kaina.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi suka cika gari. Kowa ya sayi rediyo, kowa ya sayi babur, har waɗanda ko keke ba su gama iyawa ba. Babana ba ya ɗaga kai daga keken ɗinki saboda yawan aiki. Ɗaya daga cikin masu sabon baburan nan ne ya kwashe ni, ina fitowa daga wurin Mama da gari a ka. Na ji ƙarar ƙashin ƙafata kafin in ji zafin.

Mama ce ta goya ni a bayanta, ni da na kusa kai ta tsawo, ta tare mota ta kai ni asibiti. Jikinta duk gari, tana kuka tana addu'a da yarensu. Da aka ɗaure ƙafar aka kwantar da ni, sai ga 'yan gidanmu sun shigo: kakata a gaba, gwaggonnina biyu, Yaya a can baya. Wallahi da na hango ta sai da na ji daɗin karayar. Na ce a raina yau dai dole ta zo kusa.

Na miƙa hannu na ce, "Yaya."

Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Sai ta juya ta gaida matar da ke gadon kusa da nawa, ta yi mata ya jiki.

Mama ta dube ta, ta dube ni, ta gane wace ce. Ta taka ta kama wuyan hannunta ta ce, "Zo ki riƙe ta mana. Ba ke kika haife ta ba? Yarinya tana kiranki!"

Gwaggonnina suka zuba ido. Na ga Yaya ta ɗaga ƙafa kamar za ta biyo ta, har yau ina rantsuwa na gani. Sai ta zare hannunta a hankali, ta gyara mayafi ta ce, "Ai kakarta na nan."

Mama ta yi faɗa har sai da ma'aikaciyar jinya ta fitar da ita. Ni kuwa na juya fuska bango na yi kukan da kowa ya ɗauka na ciwon ƙafa ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da aka dawo da ni gida, mata suka yi ta zuwa dubiya, ina kwance ina jin su suna sa wa Yaya albarka. "Kin ga 'yar gidan mutunci, ko gezau ba ta yi ba." Ita kuwa Mama aka ce ba ta da ta ido, ta ci mutuncin surukar gida a bainar jama'a. Kakata ta yanke hukunci ba ni ba Sabon Gari. Dama an kafa sabon inji a layinmu, ba sauran dalilin zuwa. Mama ta zo dubiya sau ɗaya da lemo a leda, aka karɓe ta a zaure aka ce ina barci. Ban sake zama kusa da ita ba, kuma da muka gama firamare 'yarta ma ta ɓace mini.

Da na girma wata gwaggona ta ce mini ai Yaya ta yi kuka a madafi a lokacin, ta kasa cin abinci. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma ni me kukan madafi ya tsinana mini? Na tashi ina ɗingishi kaɗan, ina kuma zargin duk wanda ya nuna yana so na. Na haifi nawa 'ya'yan, ina kiran sunan kowannensu, amma in suka faɗo jikina sai in ji na sandare, ban san inda ake sa hannu ba.

Da tsufa ya kwantar da Yaya, ni na yi jinyarta. Kakata ta daɗe da rasuwa, gwaggonnin ma haka, ba sauran wanda za a ji wa kunya. Wata rana da hantsi na gama yi mata wanka, muna zaune mu biyu, na ce, "Yaya, ba kowa a gidan nan. Don Allah ki faɗi sunana, ko sau ɗaya."

Ta yi dariya ta rufe baki da hannu, kamar na faɗi abin batsa. Da ta ga ba wasa nake ba sai dariyar ta ɗauke. Ta dubi ƙofa. Leɓenta ya motsa, na matso da kunnena, ina jin numfashinta a kumatuna.

Can ta ce, "Ki yi haƙuri, bakina ba zai iya ba. Gyara mini matashin nan."

Na gyara mata. A daminar shekarar ta rasu.