Malam Bawa Mai Rediyo da Muryar Mahaifina

Direban motar shanu ne ya kawo mini labarin. Kwana uku ya yi a hanya daga Mafara, ya same ni a nan Fatakwal inda neman abinci ya jefa ni. Muka yi doguwar gaisuwa irin ta gida, sai da zai tashi ya ce, "Af, ban faɗa maka ba, Bawa mai rediyo ya riga mu gidan gaskiya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan shi, amma taurin kai ya hana shi tara komai." Wannan magana ta biyu ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Malam Bawa yana da kaifin harshe, kuma aikin kwana biyu sai ya kai shi mako uku. Amma masu kiransa mai taurin kai su saurara, su ji irin taurin kan.

Gonarmu tana wajen Dosara. Yau kifi ke kiwo a cikinta. Ranar da masu awon dam, wato madatsar ruwa, suka zo, mahaifina Malam Iro ya tsaya gabansu ya lissafa iyakokinta, daga tsamiya zuwa bakin rafi, da sunan duk kakan da ya noma ta. Ina gefe da ƙaramar rakoda a aljihu, na ɗauki maganar a kaset. Bai shekara ba bayan ruwa ya ci gonar, ya rasu. Hoto bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Kaset ɗin nan kaɗai ya rage, muryar kuma can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Ni kuwa tuƙi nake wa kamfanin da ke gina dam ɗin, ban ɓoye ba. Da hannuna na kai dutsen da aka tare ruwan. Da wani Baturen aikin zai koma ƙasarsu, ya bar mini sifika biyu na katako. Na kai su shagon Malam Bawa na ce ina son amfilifaya mafi ƙarfi, wadda in na kunna a Mafara za a ji a Bakura.

Bai ko dube ni ba. Ya juya bayan sifikar, ya share ƙura da babban yatsa, ya nuna mini lamba goma sha shida, wadda ke nuna irin amfilifayar da za ta dace da ita. Ya ƙwanƙwasa katakon, ya taɓa takardar bakin sifikar a hankali kamar mai duba ƙwai. Sannan ya ce, "Ɗan Iro, mi kake so? A ji ƙara, ko a ji babanka?"

Na ce duka biyun.

Ya ce, "Sifika ita ce mai gida, amfilifaya baƙuwa ce. Baƙo ka bin tsarin gida. Waɗanga masu saurin ji ne, raɗa ta ishe su. Ƙarama za ka samu, irin ta da mai kwalaben wuta a ciki, wadda ke da maƙalin waya mai lamba goma sha shida a bayanta. Kuma muryar tsohon ta raunana, sai an sa ƙaramin akwati a gaba ya tallabo ta kafin ta shiga amfilifayar. Ka ba ni lokaci."

Ban ba shi ba. A shekarun nan kowa girma yake saye: babban babur, babbar rediyo. Na tafi Gusau na sayo ƙatuwar amfilifaya mai fitilu ja da kore, na tara 'yan'uwa a ƙofar gida, na murɗa ta har ƙarshe. Abin da ya fito ba mutum ba ne. Huci ne da karkarwa, kamar ana yaga buhu. Wani ƙanen babana ya ce, "Wanga dai ba Iro ba ne, sai dai ko injin niƙa." Aka yi dariya. Sifika ɗaya ta fara warin ƙuna.

Na koma shagon kaina a sunkuye. Ya shinshina sifikar ya ce, "To, an ji a Bakura?" Iyakar gorin da ya yi mini ke nan. Ya naɗa wa wadda ta ƙone sabuwar waya da hannunsa. Amfilifaya uku ya gwada, yana ɗaga kowace ya ji nauyin tiransifomarta, ya saurara ido a rufe, ya ture biyu. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in kunna mai kwalba ba sifika a jikinta, kuma kada matan gida su lulluɓe ta da kyalle don ƙura, domin da iska take rayuwa.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, ya fito da kayan bakin shago. Ya kunna, ya ce a jira kwalabe su yi ɗumi. Sai ga mahaifina: "Daga tsamiya zuwa bakin rafi." Wani tsoho mai sayar da igiya ya saki abin da ke hannunsa ya ce, "La ilaha illallahu, Iro!" Mutane suka taru, kowa da tasa gonar a ƙarƙashin ruwa. Can wani ɗan saƙo ya zo ya ce manyan gari sun ce a kashe. Malam Bawa ya ce, "Koma ka ce masu, gwaji nake. In akwai iyakar da tsohon ya faɗa ba daidai ba, su zo su gyara." Ba wanda ya zo. Daga ranar dai manya suka daina kawo masa aiki, kuma ya san haka za a yi tun kafin ya kunna.

Da la'asar muka kai kayan cikin gida don mahaifiyata. A farkon kaset ɗin akwai gyaran murya irin wanda Baba ya saba yi kafin ya shigo gida, wanda ƙatuwar amfilifayar ta haɗiye. Da Inna ta ji, sai ta gyara lulluɓinta, ta matsa gefe ta bar masa rabin tabarma.

An ƙwace mana ƙasa, an watsa mu bariki-bariki. Mutum ɗaya ne a Mafara ya mayar mana da wani abu, kuma ban yarda a rage masa daraja a gabana ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bawa, Ka yafe masa kaifin harshensa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka rufa musu asiri, kada Ka bar su ga hannun waɗanda suka juya masa baya. Mu kuma da muke nesa, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.