Malam Arzika da Akwatin Garin da Ruwa Ya Ci

Shekara talatin ke nan, kullum da hantsi Malam Arzika yakan jingine kekensa a gindin tsamiyar wani ƙaramin asibiti a Yelwa, ya buɗe ɗakin kati, ya yi wa akwatunansa sallama kamar za su amsa. Wannan watan zai ajiye aiki. Na san babu mai yi masa kirari, to ni zan yi.

Abokan aiki sun sha yi masa dariya don bai yarda da lamba kaɗai ba, gari-gari yake jera kati. Da madatsar Kainji ta tare ruwa, tsibirai suka nutse da rumbunansu da kusheyinsu, amma a ɗakinsa suna nan, kowanne da akwatinsa. In ya jawo na Gungun Mati, cewa yake har ƙamshin bandar kifi yana ji.

Shekara guda bayan cikar ruwa, wata mata mai suna Hansatu ta iso da takardar neman katin ɗanta a bakin zane. Ɗanta na kwance rai a hannun Allah a wani asibiti can wajen madatsar. Likita ya ƙi yi masa allura sai ya san wadda ta kusa kashe shi yana yaro, shekarar 'yancin kai. Amma takardar ta jiƙe a kwalekwale, sunan ya narke, sai hatimin likita da dangwalen majinyacin suka rage.

"Inna, mi as sunanai?" in ji Malam Arzika.

Ta kau da kai. "Malam, ɗan fari na. Ina bakin da za shi faɗi?"

Da wani ne, tsawa zai yi mata. Shi kuwa garinsu kawai ya tambaya, ya jawo akwatin, ya shiga karanta sunaye a hankali, kamar mai bi gida-gida ƙarƙashin ruwa. Hansatu na jin maƙwabtanta suna wucewa, tana hawaye. Da ya ce "Mamuda ɗan Tamada," sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bai miƙa katin haka nan ba, don sirrin majinyaci amana ce. Ya gwada dangwale da dangwale, ya kai wa likitansu ya sa hannu, ya kwafe, ya liƙe ambulan. Jirgin ruwan azahar ya tafi da ita.

Kai ne, Malam, rumbun da ruwa bai ci ba. Kai ka ceci ɗa ba ka keta kunyar uwa ba, kuma duk sanda na tuna sai idona ya cika. Mun gode, Allah ya saka. Ku masu zama bayan taga yau, ku koyi tambayar da ba ta ƙona baki.

Mamuda yana nan a Ngaski yana sana'ar su. Ɗansa na fari Arzika ya sa masa suna, kuma yanzu shi ma ba ya iya faɗin sunan.