Ranar da Na Saita Jita a Fegge

Da hantsin wata Asabar a farkon Oktoban 1966, ina zaune a kan benci a ƙofar gidanmu na haya a Fegge, cikin Anaca, sanye da rigar makarantar da ba tawa ba, da jita a kan cinyata, ƙafafuna ko ƙasa ba sa taɓawa. Shekarata goma sha ɗaya. A bayana, cikin ɗan ɗakin da mai gidanmu Mama Ngozi take ajiye buhunan garin rogo, akwai Baba da Inna da Yaya Sale da ƙanena Garba ɗan wata biyar, an kulle su da kwaɗo ta waje. Daga ƙarshen layi kuma hayaniyar mutane tana ta matsowa.

A gidan nan aka haife ni, kuma mu kaɗai ne Hausawa a cikinsa. Baba albasa yake sayarwa a kasuwar bakin kogi, da asuba kuma ya biya wa yaran unguwa allo kafin ya fita. Ni da Ngozi, 'yar mai gida, tare muke bin layi a famfo, tare muke tsinke ganyen miya, mu shanya albasar da ruwa ya taɓa, in mun gama mu zauna 'yar carafke da ƙwallon kwakwar manja. Yaren Ibo ya fi Hausa zama a bakina, har Inna takan ce, "Ke Hajara, ko a mafarki da yarensu kike surutu."

Jitar ta Yaya Sale ce. Dako yake yi a bakin kogi, a can ya saye ta hannun wani matuƙin jirgi. Baba ba ya son ganinta, don haka a ɗakin Emeka, wan Ngozi, take kwana. Yaya Sale yana da yatsu amma ba shi da kunne, shi ya sa saitin ya zama aikina. Ya nuna mini yadda zan danne tsirkiya ɗaya, in kaɗa ta tare da ta ƙasanta, in riƙa murɗa ɗan kunnen ƙarfen da ke kan wuyan jitar har muryoyin biyu su daina karo. Kullum sai ya ce, "A hankali ake lallashinta."

A makon nan ne manyan motoci suka fara shigowa daga Arewa cike da 'yan Ibo da suka tsere wa kashe-kashe, wasu da raunuka, wasu sun rasa kowa nasu. Gari ya canza fuska. Wanda jiya yake gaida Baba, yau sai ya kau da kai. Yawancin Hausawan unguwa sun riga sun tafi, mu kuwa ba mu sami mota ba sai ta ranar Lahadi. Da safiyar Asabar ɗin Emeka ya shigo yana haki, ya ce samari suna bin gida gida.

Mama Ngozi ba ta tsaya shawara ba. Ta kwashe kayanmu ta tura ƙarƙashin gadonta, ta kora iyayena da Yaya Sale da Garba ɗakin garin rogon. Abin da ya dame ta shi ne jariri, domin ba a hana shi kuka. Ta ce dole a sami ƙarar da za ta rufe tasa, kuma gidan da yarinya take wasa a ƙofarsa ba a cika zarginsa ba. Ta cire mini kallabi, ta sa mini rigar Ngozi, ta ce daga yanzu sunana Nkechi, 'yar ƙanwarta. Baba ya dubi jitar, ya dube ni, ya ce, "Allah ya tsare ki." Sai na ji ƙarar kwaɗo.

Emeka ya sassauta duk tsirkiyoyin shida don aikin ya ɗauke ni lokaci, ya zauna kusa da ni. Ina kan ta biyu samarin suka iso, da adduna da sanduna. Mama Ngozi ta ce Hausawanta sun tafi tun ranar Alhamis, ta kai su ɗakinmu suka gan shi wayam. Suna tsakar gida Garba ya fara ƙananan koke-koke. Na shiga kaɗa tsirkiya da duk ƙarfina, ina murɗawa, Emeka yana yi mini faɗa da babbar murya wai na ɓata masa saiti.

Wani mutum da ƙyalle ɗaure a kansa, jini ya bushe a jiki, ya baro sauran ya tsaya a gabana. Ya daɗe yana kallona. Sannan da tatacciyar Hausa, irin ta mutumin da ya girma a Kano, ya ce, "Yarinya, yaya sunanki?"

Saura kaɗan in ɗaga kai. Na kafe idona a kan jitar, hannuna yana ta murɗawa ban sani ba, har siririyar tsirkiyar ta tsinke ta tsaga mini yatsa. Na ƙwalla kuka, kuma Allah ya sa da yaren Ibo ya fito. Mama Ngozi ta fito a fusace tana tambayar ko yanzu yara suka koma tsoratarwa. Mutumin ya sunkuya kamar zai duba ciwon, ya riƙe hannuna, ya ga farcena. Cikin raɗa ya ce, "Ɓoye hannun nan, lallen bai goge ba." Ya miƙe ya gaya wa sauran babu kowa a nan, suka wuce gaba.

Sai bayan la'asar aka buɗe kwaɗon. Inna ta fito rungume da Garba. Baba ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure mini yatsa. Washegari Emeka ya raka mu har muka ƙetare gadar kogin a bayan motar garin rogo. Da yaƙin basasa ya ɓarke a shekarar da ta biyo baya, labarin su Mama Ngozi ya yanke. Na koma Fegge sau ɗaya bayan na yi aure, na tarar da wani gini a wurin, ba wanda ya san inda suka nufa.

Yanzu ina Kano da jikoki, a gida mai doguwar katanga, maƙwabcin da muka shekara goma tare ban san ko 'ya'yansa nawa ba. In na je Sabon Gari nakan gaida 'yan kasuwa da ɗan yaren da ya rage mini, su yi ta mamaki, ni kuwa fuskokin tsofaffinsu nake duba. Ban san sunan mutumin nan mai ƙyalle a ka ba, ban kuma san wa ya baro a Arewa ba. Amma addu'a ba ta ɓata hanya don rashin suna.