Bashe da Bakin Taubashina

Motar tsohuwa ce tun ranar da ta zo hannuna, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. A-kori-kura ce fara, irin wadda a wajenmu ake kira bashe, na saye ta don in riƙa kwaso albasa daga fadamun Tama zuwa Madawa. Ranar da na shigo da ita ƙauyenmu kowa ya zo ya shafa ya ce Allah ya sa alheri, ban da taubashina, ɗan gwaggona. Ni da shi tun muna yawo ba wando ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai sayen saniya.

"Kakarmu ta kas sawo?" in ji shi. "Wallahi wagga ba ta kai ka Tama sai ta kwanta ta huta."

Aka yi dariya, har da ni. Inna, mahaifiyata, tana tsaye a bakin zaure, ita ba ta yi ba.

Ba a yi kwana goma ba motar ta mutu, kuma a hanyar Tama. Ba tari, ba shaƙewa, ba irin jan ƙafar da mota ke yi in mai ya ƙare. Ina cikin tafiya a kan burji mai gargada sai injin ya ɗauke kamar an hure fitila. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Na sauka na buɗe gaba na tsaya ina kallon inji, sai ka ce kallo yana gyara wani abu. Da na gaji na koma na murɗa, ta tashi garau, ta kai ni ta dawo da ni.

Daga nan abin ya zama mata ɗabi'a. Wani makon ko sau ɗaya, wani makon sau uku a yini. Wata rana da safe ta ƙi tashi a ƙofar gida, in tara mutane su tura, suna nannaɗe hannun riga sai ta tashi da kanta ta bar ni da kunya.

Bakaniken da nake kai wa a Madawa dattijo ne mai tsadar magana. Ya sake buji, wato fulogi, ya sake matatar mai, ya kankare kan batir. Da yake man kwalba muke saye a bakin hanya, ya sauke tanki ya wanke shi tas. Sau biyu ina bar masa motar kwana uku. Nakan zare masa makullinta daga zoben makullaina in hau kabu-kabu in koma gida. Shi kuwa ya yi ta yawo da ita, har kasuwar Bangi ya je, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

"Motag ga lahiyatta lau," ya ce da ni. "Ni ban iya gyaran abin da bai ɓaci ba."

Inna kuwa tun mutuwar farko ta gama bincikenta. Baki ne, in ji ta, kuma kowa ya ji bakin da ya faɗa. Ta karɓo laya wurin malam, baduku ya ɗinke ta da jan fata, ta ɗaura mini a zoben makulli da hannunta. Ta ce in an rataya a madubi motar kaɗai za ta tsare, makulli kuwa yana jikina yana jikin mota. Ban ga aibin wannan dabara ba. Duk lokacin da labarin wata mutuwar ya kai mata sai ta ƙaro wata. Kafin damina ta fita layu huɗu ne a zoben, ga makullan shago, ga na ɗakin albasa, ga hantsakin cire ƙaya. Aljihun rigata har ya fara saki.

Da farko dariya nake yi wa maganar baki. Na yi lakwal, karatun boko, ina ganin na wuce nan. Amma mutumin da ya kwana biyu yana tsayawa a rana da albasar mutane a baya, zuciyarsa takan nemi wanda za ta ɗora wa. Na fara lissafi. Me ya sa ba ta mutuwa a hannun bakanike sai a nawa? Me ya sa Tama taubashina ya ambata, a hanyar Tama kuma ta fara? Na daina zama a inda yake zama. In ya jefo wasa sai in ce Allah ya kyauta in wuce. Da matarsa ta haihu na je suna, na yi addu'a, na tashi kafin a kawo fura.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, wata ranar kasuwa na hango shi a bakin hanya da buhu biyu, babu kowa a motata. Ya ɗaga hannu. Na kafe idona a kan hanya na wuce. A madubi na ga ya sauke hannun a hankali, ya juya baya. Daga ranar bai sake taka gidanmu ba, matarsa ma ta daina aiko wa Inna tuwo. A ƙauye irin namu ba sai an faɗa wa mutum abin da ake cewa a kansa ba.

Karo na uku da na kai motar, raina a ɓace, na fara zare makulli sai bakaniken ya ɗaga mini hannu.

"Bari. Yau kai ka tuƙi, ni in zamna. Tunda ni take jin kunya, in gan ta inda take rashin kunyar."

Muka ɗauki hanyar Buza. Bai ko dubi hanya ba. Ya karkata kai yana saurare, idonsa na yawo tsakanin ƙafafuna da fitilun gaban sitiyari. Muna sauka kan gargada, ba mu yi nisa ba, ta ɗauke. Ban taɓa jin daɗin mutuwarta ba sai ranar.

"Ka gani ko!" na ce. "Ka ga abin da nike hwaɗi!"

"Na gani. Hitilun ga duka sunka mutu tare da ita. Ba mai na ba, wuta ta ka yankewa. Tada ta."

Sai a murɗawa ta huɗu ta tashi. Ya miƙo yatsa ɗaya baƙi ƙirin da mai, ya ɗaga tarin makullaina da layu sama, ya saki. Injin ya mutu nan take. Ya sa na sake tayarwa, ya sake saki, ta sake mutuwa. Sai ya zare makullin motar shi kaɗai ya miƙo mini, sauran ya ajiye a cinyata. Muka yi ta sukuwa a kan gargadar nan, mota kamar ba ita ba.

"Kontak ɗin ya tsuhwa, cikinai ya cinye," ya ce, yana nuna ramin makulli. "Kai kuma ka rataya mishi kayan jaki. Kowane rami, nauyi shi ja makulli baya. Wa yac ce ka ɗaura wanga duka?"

"Inna ta."

Ya gyara hula. "To, Allah shi saka mata. A sake kontak, layu su koma aljihu."

Na yi dariya har hawaye, dattijon yana kallona kamar na taɓu. Sauƙin da na ji ba na mota ba ne kawai. Wata da watanni ina ɗauke da ƙin mutumin da nake ƙauna, ashe ba ni da dalili ko na ƙwayar gero. Dariyar na ƙarewa kunya ta biyo baya.

Da na yi wa Inna bayani ta daɗe tana juya layun a tafinta. Ta ce ai sun yi aikinsu, mota ta mutu sau nawa ban taɓa faɗawa rami ba. Ban ja da ita ba. Can kuma ta tashi ta ɗauko mayafi, ta ce in kai ta gidan ɗan gwaggona kafin rana ta yi zafi.

Mun same shi a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya shimfiɗa wa Inna tabarma, ni kuma ya gaishe ni da ladabi irin na baƙo, abin da ya fi mini zagi ciwo. Na faɗa masa komai, har da ranar buhu biyu. Na ce ya yafe mini. Inna ta ce laifin nata ne, ta rufe fuska da mayafi.

Na zaci zai yi mini tas, na kuma shirya. Sai ya ajiye ƙotar ya ce, "Ka tabbata? Da idonka kag gani?"

"Da idona. Sau biyu yas saki, sau biyu tam mutu."

Ya sauke wani dogon numfashi. "Ni kaina na yarda da zancen," ya ce. "Nic ce wataƙila haka Allah yay yi ni ban sani ba. Ɗiyag ga tun da anka haihe ta ban yi mata wasa ba ko sau guda. In ta yi mini dariya sai in kame bakina in hita."

Ya kira matarsa ta kawo jaririyar, wadda ta riga ta fara zama. Ya karɓe ta, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta.

"Ke, mai kumatun ƙosai," ya ce mata. "Tubarkalla. Ashe haka kike da kyau."